Komawar Mannir Bakin Gada

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a cikin dangi, ku 'ya'yana, wadda nake son in gyara muku tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami. Ana cewa babanku, Allah ya jiƙansa, yana da hanyar da zai hana Kawunku Mannir komawa fagen yaƙi, amma ya ƙi don wata gardama da ta haɗa su, kuma da ya yi, da yau Kawu yana takawa da ƙafafunsa biyu. Na ji wannan magana a gidan biki, na ji ta a gidan suna, har ranar sadakar bakwai ta babanku sai da wata ta raɗa wa ta kusa da ita tana zaton ban ji ba. Gaskiya ne hanyar akwai ta. Sauran maganar kuwa ba haka aka yi ba, kuma ni ce a tsakiyar abin.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, miƙawar da ta ɗore har yau. Muna zaune a gidanmu na Ƙofar Durbi, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, babanku kuma yana koyar da tarihi da hulɗar ƙasashe a kwaleji. Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta wannan shekara ba. Ranar zaɓe ya dawo da tawada a babban yatsansa, ya hana ni ba shi sabulu, wai a bar masa ita ta goge da kanta. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, mutanen da muka sani suna sayar da hatsi ko koyarwa a aji an wayi gari ana ce musu onarabul. Kowa yana magana da ƙarfi a shagon mai shayi ba ya waiwaye. Mu ma muna da rufin asiri, kuna ƙanana, kuna da lafiya, damina kuma ta faɗi da kyau.

Abu ɗaya ne ke tsaye mana a rai, shi ne Mannir. Shi ne autan Inna, mahaifiyata, ni kuma 'yar fari. A bayana ya yi wayo. Ya shiga soja har ya kai kyaftin, aka tura shi cikin rundunar da ƙasashen yankinmu suka haɗa don kai ɗauki wata ƙaramar ƙasa ta bakin teku, inda 'yan tawaye ke ƙona ƙauyuka suna datse wa mutane hannuwa. Ana dab da miƙa mulki sai ga shi an sallamo shi hutun jinya, harsashi ya huda masa kafaɗa, zazzaɓi ya ramar da shi har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya sauka wurin Inna a Ƙofar Sauri. Amma kowace Juma'a in an sauko masallaci, gidanmu yake wucewa tare da babanku, in shimfiɗa musu tabarma a inuwar bishiyar bedin tsakar gida, in kawo dambu da zogale da kwanon fura. Kun san akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Su nasu wasan gardama ne, kuma tun kafin su wanke hannu ake farawa.

"Kyaftin," in ji babanku, "gaya mani, wa ya aike ku?"

"Gwamnati, Malam."

"Wace gwamnatin? Wadda ta hana ni da kai jefa ƙuri'a shekara da shekaru, ita ce ta kwashe ku ku je ku mayar da zaɓaɓɓen shugaban wasu kan kujerarsa?"

Mannir ya yi dariya har ya dafe kafaɗar da ke ciwo. Ya ce, "To Malam, in ɓarawo yana wucewa ya ga yaro ya faɗa rijiya ya ciro shi, sai ka ce ya mayar da shi don ɓarawo ne ya ciro?"

"A'a. Amma zan ƙirga awakina bayan ya tafi."

Ni ina gefe ina yanka albasa ko ina duba littattafan ɗalibai, ina jin su. Da farko na ɗauke shi surutun maza ne, sai a hankali na fahimci kowannensu abin da ya yi imani da shi yake faɗa. Babanku yana ganin iyakar ƙasa ita kaɗai ce garkuwar mai rauni. Ƙaramar ƙasa ba ta da jiragen yaƙi, ba ta da dukiya, abin da take da shi kawai yarjejeniyar da duniya ta yi cewa ba a shiga gidan wani da bindiga ba da izininsa ba. In aka buɗe ƙofa aka ce mai ƙarfi na iya tsallakawa duk ran da ya ce ana kashe mutane, to kowane mai ƙarfi zai koyi faɗar haka. Ba daga littafi kawai ya samo wannan ba. Kakansa ya ga shigowar Turawa garin nan da idonsa, kuma babanku ya riski tsohon da rai.

"Ka san abin da suka ce ya kawo su?" ya tambayi Mannir wata Juma'a. "Hana cinikin bayi. Kuma ba ƙarya suka yi ba, ana cinikin, sun kuma hana. Amma da suka gama hanawa, sun tafi?"

"Mu ba zama muka je yi ba."

"Babu wanda ke cewa zai zauna ranar da zai shiga."

A wannan shekarar ne kuma manyan ƙasashe suka tashi jiragensu suka yi ta ruwan bama-bamai a wani yanki na Turai, suna cewa fararen hula suke ceto. Kullum rediyo maganar ke nan. Babanku yakan nuna akwatin rediyon da cokali ya ce su ɗin ne dai 'yan shekaru kaɗan baya suka naɗe hannu ana yanka mutane kamar kaji a tsakiyar Afirka. Wa ke zaɓar waɗanda za a ceta? Wa ke yanke hukuncin cewa gwamnatin wata ƙasa ta gaza? Mai jirgin yaƙi? In kuma mai ceton ya yi ɓarna, gaban wa za a kai shi? Mannir ba ya da amsar dukkan waɗannan, kuma ba ya ƙaryar yana da ita. Shi dai tambaya ɗaya yake maimaitawa: iyakar nan ta wa ce, ta mutanen da ke cikin ƙasar ko ta wanda ke kan kujera? In ta mutanen ce, ta yaya za ta zama katangar da za a kulle su a ciki ana yanka su, maƙwabta suna waje suna jin ihu suna cewa doka ta hana?

Ranar da gardamar ta daina zama wasa, an yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi. Babanku ya ce da shi, cikin raha dai, ai sojan da ke kai ɗauki kullum shi ke ba da labarin kansa, shi ya sa kullum yake fitowa da farin hali. Mannir ya ajiye ludayin fura.

"To bari in ba ka wanda ba na farin hali ba," ya ce. "Akwai ranar da muka harba igwa muna nufin 'yan tawaye a bayan gari, ta sauka kan gidan wani mai saƙar taru. Shi da matarsa da 'ya'yansu. Ni na ba da umarnin."

Babanku ya sauke murya. "Wa ya tuhume ku?"

"Babu."

"To ka gani."

"Na gani, Malam, kullum ina gani. Amma ga abin da nake so kai ma ka gani. Mutanen da suka binne su da hantsi, su ne da yamma suka kwaso tabarmi da yara suka zo kwana jikin shingenmu, kamar yadda suka saba. Ba don sun yafe mana ba. Don sun san abin da ke ƙetaren gada."

Daga nan ya ba mu labarin garin. Ƙaramin gari ne a bakin wata gada, shi da yaransa ke tsaron ta. Mutanen ƙauyukan kewaye duk sun gudo sun taru a nan, da yawa ba hannu, wasu ɗaya, wasu duka biyu. Akwai wani dattijo hedimastan makarantar garin, shi ma an datse masa na dama, shi ke yi musu tafinta. Da labari ya bazu cewa sabuwar gwamnatinmu za ta fara janye sojojinta, a miƙa wuraren ga wata rundunar da za a haɗo daga ƙasashe masu nisa, dattijon ya zo ya same shi. Bai roƙe shi su zauna ba. Cewa ya yi, in za ku tafi, kada ku sulale da asuba kamar yadda wasu suka yi a wani gari. Ku gaya mana tun da kwana ɗaya, mu sami damar gudu. Mannir ya yi masa alkawari cewa ba zai bar gadar ba sai ya ga masu karɓa da idonsa. Bayan haka da 'yan kwanaki aka harbe shi aka kwaso shi.

Ba wanda ya ƙara cin dambun ranar. Da za su tashi babanku ya ce, "Ban canza ra'ayi ba, Kyaftin." Mannir ya ce, "Ni ma ban ce ka canza ba."

Ana haka kafaɗa ta warke, lokacin komawa ya matso. Sai Inna ta aiko in je. Na same ta a ɗakinta tana tsince wake a faifai. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar 'yar fari, kuma ba ta taɓa haɗa ido da babanku ba tun da aka ɗaura mana aure. In ya je gaisuwa a zaure yake tsugunawa, ta amsa daga ciki. Don haka duk abin da take so daga gare shi, ta bakina yake bi.

"Ke wagga," ta ce, ba ta ɗago ba, "an ce mani yaron nan da mijinki ya koyar, wanda ya ci zaɓen majalisa, yana da ƙafa wurin manyan soja."

Na ce haka ne. Tsohon ɗalibin babanku ne, yana girmama shi kamar uba, kuma an sa shi cikin kwamitin da ke kula da harkar tsaro.

"To ki ce mashi ya tahi ya gan shi. A ba auta aikin ofis nan kusa. Na ba su shi sau ɗaya, sun maido mani shi da rami a kafaɗa. Mi kuma suke so? Kuma kada shi ya ji. In ya ji ba ya yarda."

Na dawo gida ina zaton sai na sha fama da babanku, don mutum ne da bai taɓa neman alfarma ba, ko ta ƙarin girma a wurin aikinsa. Abin mamaki, ban gama rufe baki ba ya ce zai je. Har ya sa na fito masa da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure a goge, ya ce jibi zai kama hanya. Ashe shi ma abin yana cin sa. Duk gardamar nan da yake yi, rabinta tsoro ne kada yaron ya koma a kawo mana gawarsa. Ni kuwa, da na ga abin ya zo da sauƙi haka, sai na fara shakkar ko daidai muke shirin yi. Na ce ya dakata in ga Mannir tukuna, ba zan gaya masa komai ba, ina dai son in dube shi.

Washegari na je Ƙofar Sauri na tarar zai fita kasuwa, na ce ni ma ina da sayayya. Muka tafi tare. Maimakon rumfar masu kayan miya sai ya ja ni layin dukawa, wurin wani tsoho mai ɗinkin fata. Tsohon ya ciro wata jaka ya zazzage a gabanmu. Wasu abubuwa ne na jar fata kamar ƙananan safa, kowanne da maɗauri biyu da ɗan aljihu siriri a gefe. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, ban gane ba. Mannir ya dunƙule hannunsa ya zura a ciki, ya ɗaure maɗaurin da haƙori, ya karɓi cokalin shayin tsohon ya soke a aljihun, ya kai baki.

"Na dungulmin hannu ne, Yaya," ya ce. "Cokali na shiga, alli na shiga. Hedimasta ya ce abin da ya fi ci masa rai ba rashin hannun ba ne, a ce sai jikarsa ta ba shi abinci a baki."

Tun dawowarsa ashe yake zuwa wurin tsohon nan, suna gwadawa suna warwarewa, har suka sami wanda ba ya zamewa. Akwai manya, akwai kuma ƙanana waɗanda ba sai an gaya mani na waɗanne ne ba. Ina tsaye ina kallonsa yana duba ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da wanda bakinsa ke da kaifi a goge. Tun da ya dawo ban ga fuskarsa a sake haka ba. A hanyar komawa na ce masa, kamar da wasa, ai da za a sami wanda zai nema masa aikin ofis da ya huta. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Yaya, in aka cire ni wani za a tura. Shi ma yana da uwa. Kuma shi bai san hedimasta ba, bai yi wa kowa alkawari ba. In umarni ya zo a tashi da asuba, tashi zai yi, kuma ba laifinsa ba ne."

Ya dube ni sosai, ya ƙara da cewa, "Kada ki bari a yi mani haka a ɓoye."

Na rabu da shi a bakin lungu na wuce gida. Na tarar da babbar rigar a rataye, an goge ta. Na ɗauke ta na ninke na mayar akwati. Da babanku ya dawo daga kwaleji ya ga babu ita, ya tambaya, na ce ba zai je ba. Ranar ce kaɗai a zamanmu na ga ya ɗaga mani murya.

"Murja, ni ban yarda da yaƙin nan ba! Don me zan zauna in ga ƙaninki ya mutu a kan abin da ban yarda da shi ba, alhali kalma ɗaya ta isa?"

Na ce, "Shi ya yarda da shi, Malam."

"In aka kawo gawarsa fa? Me za ki ce wa Inna?"

Na ce ban sani ba. Na ce amma na san in muka tsare shi ta bayan fage, wata rana ya ji a rediyo an shiga garin nan, to ko yana raye mun rasa shi, kuma da hannunmu. Na ba shi labarin abin da na gani a layin dukawa. Ya zauna a bakin gado, hularsa a hannu. Ya ce ni ce yayar Mannir, ni na goya shi, in na ce a bari an bari. Amma ya ce in sani shi bai goyi bayan wannan shawara ba, kuma in abin ya ɓaci ba zai taɓa goranta mani ba. Ya cika duka biyun: bai je ba, bai kuma taɓa goranta mani ba.

Da kaina na je na gaya wa Inna. Ban ɓoye komai ba, na ce Malam ya shirya tafiya, ni na hana. Ta ci gaba da abin da take yi kamar ba da ita nake ba. Na maimaita. Sai ta ce:

"Ɗiyar da na haifa ba ta yi mani haka. Mijinki ne. Boko ya cika mashi kai, ya ƙi yaron don ya ƙi bin ra'ayinshi. Tashi ki ba ni wuri."

Na yi rantsuwa, ta toshe kunne. Na dawo ina kuka na gaya wa babanku, na ce zan samo dattawan gida su fahimtar da ita. Ya hana ni. Ya ce Inna ta ji sarai, ba ta dai iya ɗaukar fushi da 'yarta a kan tsoron da take ciki ba, sai ta nemi inda za ta ajiye shi. "Ni surukinta ne," ya ce, "da ma ba ma haɗa ido. Fushinta a kaina ba zai hana ni barci ba. Ke kuwa in ta yi fushi da ke, ba za ki ƙara cin abinci ya zauna miki ba. Ki bar mata ni." Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Inna ta faɗa wa 'yan'uwanta, su suka faɗa wa 'ya'yansu. Ni kuma duk wanda na gaya wa gaskiya sai ya ce ina kare mijina ne.

Mannir ya koma da jakarsa ta fata. Watannin da suka biyo baya ba zan ce masu daɗi ba ne, amma ba mu fasa rayuwa ba. Muka ci sabon gero, aka yi mani ƙarin girma a makaranta, kai Bishir ka fara tafiya. Babanku bai daina zuwa gaida Inna ba. Yakan tsuguna a zaure ya yi gaisuwarsa cikakkiya, ta amsa da kalma ɗaya, wani lokaci ma shiru. Abincin da nake aika mata takan ci in ta tabbatar daga albashina aka yi cefanen. Da yamma shi ke murɗa rediyo daga wannan tasha zuwa waccan yana neman labarin ƙasar, mutumin da ke cewa bai kamata a je ba.

Bayan ƙaramar salla labari ya zo cewa yana asibitin soja. Yadda ya gaya mana daga baya, umarnin janyewa ya zo kafin masu karɓa su iso, kamar yadda ya ji tsoro. Ya yi ta yi wa na sama da shi magiya ta waya har aka ƙara masa 'yan kwanaki, ya kuma tara mutanen gari ya gaya musu halin da ake ciki, masu son tafiya suka tafi. Masu karɓar suka iso, ya zaga da kwamandansu ya nuna masa kowace hanya, ya haɗa shi da hedimasta. 'Yan tawaye ba su shiga garin ba, har yaƙin ya ƙare. Amma wani ƙauye da ke gaba kaɗan, wanda ba su da isassun mutanen da za su tsare, an ƙone shi a makon. A hanyarsu ta fita ne motarsa ta taka nakiya. Direbansa ya rasu nan take, shi kuma aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Da aka kawo shi gida, ba rashin ƙafar ne ya tayar mana da hankali ba, shirun ne. Yana kwance a ɗakin da ke kusa da na Inna, fuskarsa na kallon bango. 'Yan dubiya suna shiga suna fita, kowa da sannu, kowa da Allah ya sa kaffara ne, wasu matan har da kuka. Yakan ce amin, shi ke nan. An kawo ƙafar roba tana jingine a lungu, ko kallonta ba ya yi. Inna ta yi ta dafa duk abin da yake so tun yana yaro, ana fitar da kwanon yadda aka shigar. Ni kuwa in na zauna kusa da shi sai in yi ta lissafi a raina cewa da na bar rigar nan a rataye, da ba haka ba. Yau ba na nadama, shi ma Kawunku ya sha gaya mani ba ya yi. Ya yi aure, ya haifi 'yan'uwanku, ya yi kasuwancinsa, kun kuwa san yadda yake da dariya. Amma a waɗannan makonni ban san haka za ta kasance ba.

Babanku ya yi ta zuwa yana tsayawa a zaure, don bai ga fuskar shiga ba. Wata ranar Asabar da hantsi ya ce in yi masa iso. Inna ta ja mayafi ta koma ɗakinta ta saki labule. Ya shiga wurin Mannir, ina biye da shi. Bai ce sannu ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya dubi inda ƙafar ta ƙare, ya gyara zaman tabarau.

"To Kyaftin, an je an dawo. Gari ɗaya ya tsira, na kusa da shi ya ƙone, ƙafa ta tafi. Yanzu ka yarda ni ke da gaskiya?"

Na kama hannun rigarsa ina ja. Mannir ya juyo a hankali, karon farko da na ga ya dubi wani ido cikin ido.

"Me ka ce, Malam?"

"Na ce da ba ku je ba gaba ɗaya, da wataƙila sun gaji sun yi sulhu tun tuni. Ku kuka ja yaƙin ya yi tsawo."

"Sulhu da wa?" Ya dafa gado ya tashi zaune. "Da masu datse hannun jarirai? Kai da ba ka taɓa jin warin gari da aka ƙone ba, kana zaune a inuwa da littafi!"

"Littafin ne ya gaya mani za ku tsare wani ku bar wani. Ƙarya ya yi?"

"Don ba a ba mu isassun mutane ba! Wannan hujjar a ƙara ce, ba ta a fasa ba!"

Haka suka yi ta yi, murya na tashi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mannir ya buga hannu a katifa, ya kira babanku mai taurin kai, babanku ya ce ai a wurinsa ya koya. Can cikin zafin magana Mannir ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya jawo kwanon tuwon da ke ajiye tun safe, yana ci yana nuna babanku da loma. Har azahar suna abu ɗaya. Da aka kira salla babanku ya miƙe ya ce bai gamsu da ko ɗaya daga hujjojinsa ba, Mannir ya ce ya dawo ya ji sauran in yana da ƙarfin hali.

Na raka shi zaure na dawo, na kuwa san Inna ta ji komai ta bayan labule. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakin Mannir, riƙe da kwanon da ya cinye tas, tana kallon cikinsa. Ba ta janye maganarta a kan babanku ba, ranar ko bayanta, har ta koma ga Allah. Ta dai miƙo mani kwanon, ta juya baya, ta ce:

"Ke wagga. Ki ce ma mijinki gobe ma ya zo ya ɓata mashi rai."